'YAR KAFIN HAUSA DA KARATUN SIYASA: Shin Mace Za Ta Iya Riƙe Ofishin Ƙaramar Hukuma?

  A wannan fitowar na ɗan ajiye maganar kwalliya da girke-girke a gefe, ba don sun ƙare ba, sai don wata magana da ta tsaya mini a rai tun dawowata daga ƙasar Haɗejiya, wadda na ga in ban amayar da ita a nan ba to ba zan samu sukuni ba.

Biki ne ya kai ni Kafin Hausa. Daren da aka kai amarya, bayan kowa ya watse mun baje tabarmi a tsakar gida muna shan iska, sai wata yarinya 'yar aji shida a sakandare, ƙanwar ƙawar amarya, ta matso kusa da ni tana wasa da bakin mayafinta. Ta ce, "Anti, don Allah ina da magana, amma kada ki yi mini dariya." Na ce mata faɗi, ai ni ba baƙuwar zafi ba ce. Sai ta ce ita dai a duniya ba abin da take so ta karanta irin kimiyyar siyasa, ta kuma yi aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Gaskiya na ɗan yi mamaki, don yaranmu na yanzu in ka tambaye su, daga mai cewa likita sai mai cewa nas ko lauya. Na ce, "Ke kuwa me ya ja ra'ayinki can?" Ta yi shiru, sannan ta ba ni labarin da ya sa jikina ya yi sanyi.

A daminar 2022, lokacin tana ƙaramar sakandare, ruwa ya ci ƙauyen kakanninta da ke bakin fadama. Gidajen ƙasa suka zube, shinkafar da ke gona ta nutse, mutane suka koma zaman makarantar firamare. Da aka zo rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, maza ne suka zo da littafi, maza ne kuma suka kewaye su. Gwaggonta tana cikin takaba a lokacin, ga marayu huɗu a gabanta, ba ta iya fita ta kutsa cikin maza ba, ba kuma wanda ya tuna ya shigo ya tambaye ta. Ranar da kayan agaji suka iso, babu sunanta. Yarinyar nan ta ce, "Anti, tun ranar na ce wallahi in Allah ya raya ni sai na zama mai riƙe littafin nan."

To ga inda gizo ke saƙar. Akwai saurayin da ya fito, har an kawo kayan na-gani-ina-so, shi kuwa ya rantse ba zai auri "'yar siyasa" ba, wai matan siyasa ba su da kunya, kullum suna bayan mota ana yawon kamfen da su. Baban kuma ya ce in karatu take so ta zaɓi malanta ko aikin asibiti, in ba haka ba da ta gama jarrabawa a ɗaura aure. Ga lokacin cike fom ɗin JAMB ya matso. Shi ne take tambayata, wai da gaske ne wannan karatu ba na 'ya'yan mutunci ba ne?

Na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba. Shi ya sa na ce bari in amsa mata a nan, kowa ta amfana.

KARATUN SIYASA DABAN, BANGAR SIYASA DABAN

Abu na farko da nake so ku gane, ƙannena, shi ne mai karanta kimiyyar siyasa ba koyon tallar ɗan takara take yi ba. Kamar yadda mai karanta aikin likita take nazarin jikin ɗan Adam da cututtukansa, haka ita ma take nazarin yadda ake mulkin jama'a: wa ke da iko, daga ina ya samo shi, ina iyakarsa, ina kuɗin jama'a ke shiga, wa kuma zai tuhumi shugaba in ya kauce. Ana koyar da tsarin mulkin ƙasa, da tarihin siyasar Nijeriya, da sha'anin gudanar da ma'aikatu, da dangantakar ƙasa da ƙasa, da dabarun bincike, har da ɗan lissafin ƙididdiga.

Kuma kada wani ya ruɗe ku da cewa ilimin Turawa ne zalla. Malamanmu na jihadi sun yi rubutu mai yawa a kan mulki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi, inda ya bambance mulkin adalci da na zalunci. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami don shiryar da masu riƙe da jama'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma yana da littafi mai suna Usulus Siyasa. Ita kuwa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ai tsarin 'Yan Taru da ta kafa, inda take naɗa jaji-jaji su shiga ƙauyuka suna karantar da mata, shi kansa darasi ne babba a kan yadda ake isar da abu ga matan karkara.

In kuna neman misalin inda wannan karatu ke kai mutum, ku dubi Farfesa Attahiru Jega. Kimiyyar siyasa ya karanta, ya koyar da ita a Jami'ar Bayero ta Kano, ya zama shugaban jami'ar daga 2005 zuwa 2010, sannan ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Duk wannan ba da yawon kamfen ya same shi ba, da alƙalami ne.

DAGA EN'E ZUWA ƘARAMAR HUKUMA

Ku tambayi kakanninku labarin En'e, za ku sha labari. Bayan Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, sai suka ci gaba da mulki ta hannun sarakuna. Sarki na sama, sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. En'e ce ke da baitulmali, da 'yan doka, da kotun alƙali, da gidan yari, ita ke karɓar haraji da jangali. A wancan tsari kuwa mace ba ta da kujera ko ɗaya.

A 1976, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka yi wa tsarin garambawul. Aka mai da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati, iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, da kansiloli da shugaba, da kuma kasonsu daga asusun tarayya. Wajen 300 ne a lokacin, yau kuwa 774 ne. A cikin shekarun nan ne kuma matan Arewa suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, alhali 'yan uwansu na Kudu sun daɗe suna yi, har suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu a babban zaɓen 1979. Wato ke nan da yawa daga cikin kakanninmu mata sun girma, sun yi aure, sun haihu, ba su da ta cewa a kan wanda zai mulke su.

Jihar Jigawa an cire ta daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, tana da ƙananan hukumomi 27. Takwas daga ciki suna ƙarƙashin masarautar Haɗejiya: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Kafin Hausa kaɗai, a ƙidayar 2006, mutanenta sun haura 270,000. Kun ga kuwa ba ƙaramin gida ba ne ake riƙo.

To wai me ƙaramar hukuma ke yi? Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukanta a jadawali na huɗu. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da maƙabartu, da kwashe shara, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ba da lasisin keke da amalanke da kwalekwale. Sannan tana da hannu tare da gwamnatin jiha a makarantun firamare, da yaƙi da jahilci, da aikin gona, da kiwon lafiya. Ku sake duba jerin nan da kyau. Asibitin sha-ka-tafi da ake zuwa awon ciki, da rigakafin yara, da ajin da ƙanenki ke zaune a ƙasa, da rumfar da Inna ke aika ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ranar kasuwa, duk a nan suke. Wa ya fi mace sanin zafin waɗannan abubuwa in sun lalace?

ƘASAR DA KOGI KE BA TA, KOGI KE KARƁEWA

Duk wanda ya san ƙasar Haɗejiya ya san arzikinta a bakin ruwa yake. Shinkafa, alkama, kifi, kayan lambu, ga riɗi a tudu, ga kiwo. Amma ruwan nan ba daga nan yake tasowa ba. Daga ƙasar Kano yake gangarowa, inda aka datse shi da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Tun da aka yi madatsun nan tafiyar kogin ta sauya. Wuraren da a da suke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike wasu. Shi ya sa in damina ta yi ƙarfi, ruwan ya rasa hanya sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje, wani gefen kuma manoma na kukan ruwa bai iso musu ba. An ga ambaliya mai tsanani a 2018 da 2020, ta 2022 kuwa har yau ba a daina labarinta ba.

Wata za ta ce to wannan ai aikin injiniya ne. E, da nasa. Amma wa zai zauna da masu unguwanni a tsara aikin gayya na yanke kachala da ɗaure jinga kafin ruwa ya sauko? Wa zai rubuta rahoton da za a kai Dutse, ko a kai wa hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, a rubuce tsaf da alƙaluma yadda ba za a jefa shi kwandon shara ba? Wa zai sasanta manomi da makiyayi in ruwa ya janye kowa ya nufi fadama? Wa zai tabbatar an sa kuɗin magudanar ruwa a kasafin shekara? Wannan duk aikin jami'in mulki ne.

Sannan ga abin da labarin gwaggon yarinyar nan ya nuna mana. A ƙasarmu yawancin gidaje "ba shiga" ne. Jami'i namiji, kome kirkinsa, iyakarsa zaure, abin da maigida ya faɗa masa shi zai rubuta. Gidan da ba maigida kuwa sai a tsallake shi ba da mugun nufi ba. Mace ce za ta yi sallama ta shige har ɗaka, ta ga mai jego, ta ga mai takaba, ta ga tsohuwar da ba ta iya tashi. Rashin mata a ofis ba mata masu neman aiki kaɗai yake cuta ba, har da waɗanda ko ƙofar sakatariya ba su taɓa gani ba.

HANYAR KARATUN, TAKI-TAKI

Yanzu bari mu zo kan yadda ake yi, don buri ba ya cika da baki.

Tun daga aji huɗu na sakandare ake ɗaura ɗamara. Ki riƙe darasin Gwamnati ko Tarihi da kyau, haka Turanci, da Tattalin Arziki. Kada kuma ki ce ke 'yar ajin adabi ce ba ruwanki da Lissafi, nan ne da yawa suke faɗuwa. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Gwamnati ko Tarihi. A JAMB kuma Turanci dole ne, sai Gwamnati ko Tarihi, sai wasu biyu da suka dace. Kafin ki cike fom ki duba littafin JAMB na shekarar ke da malaminku, don kowace jami'a da nata sharaɗin. Kada ki bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa miki darussa, yara da yawa sun yi asarar shekara guda a kan haka.

Ina za a yi karatun? A nan 'yan Kafin Hausa suka yi sa'a, don gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. A 2013 aka kafa jami'ar jiha a garin, wadda daga baya aka sa wa suna Jami'ar Sule Lamiɗo, kuma ana karanta kimiyyar siyasa a cikinta. Iyayen da a da suke cewa ba za su tura 'ya mace wata uwa duniya ba, yau ga jami'a a bakin ƙofa. Akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. In an matsa gaba ga Jami'ar Bayero a Kano, wadda ke riƙe da gidan Mumbayya, gidan marigayi Malam Aminu Kano da aka mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Wadda kuwa take son ta ƙware a kan ƙananan hukumomi kai tsaye, to Zariya ce gidan abin. A harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai tsohuwar cibiyar koyon sha'anin mulki, wadda tun kafin a kafa jami'ar a 1962 take horar da ma'aikatan En'e, kuma har da sashe guda na nazarin ƙananan hukumomi da raya ƙasa.

Digirin farko shekara 4 ne. Wadda makinta na JAMB bai kai ba kada ta karaya. Tana iya yin difloma a kan sha'anin mulki a kwalejin fasaha, ko ta yi NCE, ko IJMB, in sakamakon ya yi kyau ta shiga jami'a daga aji biyu. Bayan digiri sai bautar ƙasa ta shekara guda. Matar aure tana da damar neman a bar ta a jihar da mijinta yake, wadda kuma ta haura shekara 30 kafin ta gama digiri takardar yafewa ake ba ta.

IN AN GAMA, SAI INA?

Hanya biyu ce babba. Ta farko ita ce ta sakatariya. Ku sani a ƙaramar hukuma mutane kashi biyu ne. Akwai ciyaman da kansiloli, waɗanda zaɓe ke kawo su, wa'adi ya cika su tafi. Akwai kuma ma'aikata na dindindin, su ne ke riƙe da fayil da baitulmali da sassan lafiya, gona, ayyuka da walwalar jama'a, ciyaman ya zo ya same su, ya tafi ya bar su. Yarinyarmu cikin kashi na biyu take son shiga. Mai digiri a kan mataki na 8 na albashi ake ɗaukar ta, kuma manyan ma'aikata irin wannan hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗaukar su, ta yi musu ƙarin girma, ta kuma yi musu canjin wurin aiki. Daga ƙaramar jami'ar mulki ana hawa a hankali, da jarrabawa da shekaru, har a kai ga daraktan mulki, wanda shi ne babba a cikin ma'aikatan sakatariya. Ma'aikaciya in ma wata rana sha'awar takara ta kama ta, sai ta ajiye aikin tukuna. Kun ga ke nan ma'aikaciya daban, 'yar takara daban.

Hanya ta biyu ita ce koyarwa a jami'a. Wannan tana son sakamako mai kyau ƙwarai a digirin farko. Ana farawa daga mataimakiyar malami, a yi digiri na biyu, a yi na uku wato dakta, ana koyarwa ana bincike ana wallafawa, har in Allah ya nufa a kai ga farfesa. Asusun TETFund yakan ɗauki nauyin ƙaro karatun malaman manyan makarantun gwamnati. Kuma abin bincike ai ga shi nan a ƙofar gida: yadda ake rabon agaji bayan ambaliya, rikicin fadama, dalilin da ya sa mata ke cika layin zaɓe amma ba a ganin su a majalisar kansiloli. Ban da waɗannan biyun akwai aikin hukumar zaɓe, da majalisar dokoki, da aikin jarida, da ƙungiyoyin raya karkara.

Amma fa ba zan ɓoye muku ba, hanyar da ƙaya. Takardar digiri ba ita ce takardar ɗaukar aiki ba, akwai masu ita da yawa suna zaune a gida, shi ya sa nake ba kowace shawara ta haɗa da sanin kwamfuta da sana'ar hannu. Albashin ba mai yawa ba ne. Ana iya ɗauke ki daga Kafin Hausa a kai ki wata ƙaramar hukuma mai nisa, ga miji ga yara. Mafi nauyi kuma, wata rana za a turo miki takarda a ce sa hannu, alhali kin san aikin da aka rubuta a ciki ba a yi shi ba. Ranar ce za a san ko tarbiyyar gidanku ta bi ki ofis.

Su kansu ƙananan hukumomin sun daɗe suna kukan cewa kasonsu, wanda ya kai kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha kafin ya iso gare su. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce zaɓaɓɓun shugabanni kawai doka ta sani, ban da kantomomin riƙo. Sai dai hukunci a takarda abu ne guda, a samu masu ilimi da amana da za su riƙe kuɗin kuma wani abu ne daban. In kuɗi ya iso babu masu tsoron Allah a kan teburin, an gudu ne ba a tsira ba.

WAƊANDA SUKA SHARE MANA HANYA

Masu cewa ba a san mace da wannan harka ba, a tuna musu da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Tun tana matashiya ta shiga NEPU, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a kan neman 'yancin mata da talakawa. Ta rasu a 2001, yau ga babban asibiti da sunanta a Zariya.

A ƙasar Haɗejiya ma akwai tamu. Hajiya Laila Dogonyaro a Garun Gabas aka haife ta a 1944. An yi mata aure tana ƙarama, amma hakan bai hana ta zama jigo a Jam'iyyar Matan Arewa ba, har ta shugabanci majalisar ƙungiyoyin mata ta ƙasa baki ɗaya daga 1993 zuwa 1995. Allah ya yi mata rasuwa a 2011.

Ga Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i 'yar Ringim, malamar Jami'ar Bayero, wadda ta yi kwamishina a Jigawa sannan ta riƙe ministar ilimi ta ƙasa daga 2010 zuwa 2013. Ga Hajiya Amina Bala Zakari, 'yar sarautar Kazaure, wadda ta yi kwamishina a hukumar zaɓe ta ƙasa har ta riƙe shugabancinta na ɗan lokaci a 2015. Ba dukkansu ne suka karanta kimiyyar siyasa ba, kowacce da fanninta, amma duk sun riƙe amanar jama'a da lulluɓinsu da mutuncinsu. Kafin Hausa kuwa garin da ya fitar da gwamna ne, Malam Umar Namadi, wanda ya hau mulki a 2023. Garin da ya iya fitar da gwamna ai ba zai gaza fitar da mace daraktar mulki ba.

TO MAGANAR AURE FA?

Na san nan ne hankalin da yawanku yake. Ni dai ba zan ce wa kowace yarinya ta ƙi aure don boko ba, ba kuma zan ce ta yi wa iyayenta tsaye ba, don albarkarsu ita ce jarin farko. Abin da zan ce shi ne, aure da karatu ba kishiyoyi ba ne. Ku leƙa ajin kowace jami'a za ku ga masu goyo da masu ciki suna ɗaukar darasi. Wuya ce dai akwai ta, sai an yi haƙuri, sai kuma an dace da miji mai fahimta da uwar miji mai tausayi.

Shawarata ita ce a yi maganar tun kafin a karɓi sadaki. Kada ki yarda da "in kin shigo ma duba" da aka faɗa miki a zaure da daddare, don alkawarin zance da yawa ba ya kwana. Ki sa waliyyanki su faɗa wa nasa a gaban manya cewa yarinya za ta ci gaba da karatu, za ta kuma yi aiki. In ya amince, alhamdu lillahi. In ya ƙi, gara ki sani tun yanzu da ki sani da goyo a bayanki. Shi kuma Baba, ba da kuka ko kumbure-kumbure ake shawo kansa ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko gwaggo ko malaminku na Islamiyya, a zauna a warware masa bambancin ma'aikaciyar ofis da mai bin motar kamfen. Sau da yawa tsoro ne ke sa iyaye su hana, ba ƙiyayya ba.

Haka na faɗa wa yarinyar nan a daren, muna zaune har sanyin asuba ya fara sauka. Bayan na dawo da 'yan makonni sai ga saƙonta. Ta ce kawunta, wanda tsohon malamin firamare ne, ya je ya samu Baba sun daɗe a zaure. Baba ya amince ta cike fom, da sharaɗin jami'ar garin za ta zaɓa, kuma daga gida za ta riƙa zuwa. Saurayin kuwa ya ɗauke ƙafa, yau kwana goma sha ke nan bai zo zance ba, 'yan uwansa na cewa a ba shi lokaci. Ta ce wani lokacin in ta tuna sai ta ji hawaye, don tana son sa, amma ta ga gwaggonta da idonta, ba za ta iya mantawa ba.

Ban san yadda za ta kaya ba, Allah shi ne masani. Jarrabawa tana gaba, maganar auren ma ba a rufe ta ba. Abin da na roƙa mata shi ne Allah ya zaɓa mata mafi alheri, in wannan saurayin ne ya sassauto da zuciyarsa, in kuma ba shi ba ne ya musanya mata da wanda zai raka ta har ƙofar sakatariya yana alfahari.

Ku kuma ƙannena na Bulangu da Sarawa da Ruba, da na Auyo da Guri da sauran garuruwan bakin kogi, ina jiran wasiƙunku. Wadda ta taɓa shiga irin wannan hali, ko uwa ce ko 'ya, ta rubuto mana yadda ta warware, wata za ta ƙaru. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.